Kwana ukun da ba a ɗauke wuta ba

A shekarar da aka ce kwamfuta za ta kashe wutar ƙasar nan, ina aikin gyaran layi a ofishin lantarki na Kankiya, kuma duk ofishin babu kwamfuta ko ta magani. Abin da muke da shi tafireta ce guda mai karyayyen harafi, da tarho mai aiki ran da ya ga dama, da tsani biyu, da mu ma'aikata shida. Yanzu na yi ritaya, gashina ya yi fari, amma har yau in na tuna takardar da aka aiko mana daga sama sai raina ya sosu.

Bayanin da aka yi mana shi ne, na'urorin nan lambobi biyu na ƙarshen shekara kawai suke riƙewa. In casa'in da tara ta ƙare aka shiga dubu biyu, sai su ga sifiri biyu, su ɗauka an koma baya shekara ɗari, kansu ya juye. In kan waɗanda ke raba wuta daga manyan tashoshi ya juye, ƙasa duka sai ta yi duhu. Don haka aka soke hutun kowa na watan. Daga safiyar Juma'ar ƙarshen shekara kuma zuwa safiyar Litinin, ba mai barin wurin aikinsa ko nan da can. Mota za ta riƙa zagayowa daga Katsina tana duba wa ke nan, wa ba ya nan, kuma wanda aka tarar ba ya nan ya sallami kansa da kansa.

Mutanen gari dariya suka yi. Wani mai walda da ke kusa da ofishinmu ya tare ni yana cewa, "Wai wace wutar ce za ta ɗauke? Ai sai an kawo aka ɗaukewa." Duk da haka na gan shi da yamma yana ɗauke da galan ɗin kananzir, shi da rabin unguwar.

Ni ban yi dariya ba. Shekarar, ƙarshen Disamba ya faɗo cikin goman ƙarshe na azumi, kuma ina da wani aiki a Kusada wanda ya fi mini na lantarki nauyi.

Mahaifina, wanda duk muke kira Malam, yana tafsiri a masallacin unguwarmu kowane azumi bayan la'asar, tun ban yi wayo ba. Ni ne mai ja masa baki. Aikin mai jan baki a ido ba wuya: ka rera aya ka yi shiru, malam ya fassara ya yi bayani, in ya gama ka rera ta gaba. Na fi shekara goma ina yi, shi ya sa kullum nake ajiye hutuna sai azumi. Idon Malam ya daɗe da yin rauni, littafi a buɗe yake a gabansa amma da ka yake karatun. Mutane sun san wannan, har ma abin yabo ne a wurinsu.

Abin da ba su sani ba, kan ma ya fara saki. Azumi biyu kafin wannan na fara lura. Yana cikin fassara sai ya tsaya, ya ce "na'am, na'am," babban yatsansa yana murzar gwiwa. Ran farko da na ga haka, ban san lokacin da na sake rera guntun ayar da muke kai ba. Sai ya kama, ya wuce abinsa kamar ba a yi ba. Mai jan baki dama yakan maimaita wuri in ya yi masa daɗi, jama'a su yi kabbara, don haka ba wanda ya ga komai. Daga nan na koyi sauran. Na daina ba shi aya doguwa gaba ɗaya, sai in yanka ta ƙanana. In ya ɗauko labarin da ya riga ya bayar ɗazu, sai in jira ya ja numfashi in shigo da aya ta gaba. Idona ya bar kan takarda ya koma kan yatsan nan. Har wasu suka riƙa cewa jan bakina ya ƙara armashi, ina amsawa da godiya.

Inna, mahaifiyata, ita kaɗai ta sani. A gida ta ga nata, don yakan tambaye ta ko ya yi sallar da ya idar yanzun nan. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Rana ɗaya ce kawai, ina ɗaura igiyar takalmi a ƙofar ɗakinta, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ka riƙa mashi, ka ji." Na ce to.

Da aka soke hutu, shugaban ofishinmu ya yi mini alfarma. Dattijo ne mai kirki da tsoro, saura masa shekara ɗaya ya ajiye aiki, kuma Alaramma yake ce mini don tsokana. Kullum in sallaci azahar a Kankiya, in hau babur, in isa Kusada kafin la'asar, in sha ruwa a gida in komo. Azumin nan na rame, na yi baƙi, tayar baya ta cinye, amma ban fasa ko rana ɗaya ba. Matsalar kwana ukun nan ce.

Na fara da shugaban namu. Na ce, "Yallaɓai, awa uku kawai a rana. Wace kwamfuta muke gadi a nan? Tafiretar?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Alaramma, ni ma ban taɓa sa ma kwamfuta hannu ba. Amma in motar nan ta zo ba ka nan, ba kai kaɗai za a kora ba. Ka tausaya ma furfurata."

Na fita ina huci. Gaskiya gare shi, wannan ne ma ya fi ba ni haushi.

Na koma kan Malam. Ran Laraba bayan an tashi, ina riƙe da hannunsa muna tafiya gida, na ce ko zai huta kwana uku, jikinsa ya samu sauƙi, in na dawo Litinin mu ɗora. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ya ce tun da ya hau karatun nan ko ranar da aka yi wa ƙaninsa sutura bai fasa ba, mene ne ya faru? Na kwashe labarin kwamfuta na gaya masa, yadda take manta shekara, yadda ake tsoron duhu.

Ya yi 'yar dariya. "Tau, abin da ke mance shekara, shi kuka damƙa ma wutar ƙasa?"

Na sunkuyar da kai.

"Tahi ga aikinka," in ji shi. "Ɗan gwaggonka na nan, shi ja mani. Muryatai ma ta hi taka."

Muryar kam ta fi tawa, ban taɓa musu ba. Ɗan gwaggon nan nawa sa'ana ne, yana koyarwa a wata Islamiyya a Kafin Soli, yana kuma noma. Allah ya ba shi numfashi. Zai ɗauko aya mai layi biyar ya kai ta ƙarshe bai tsaya ba, kuma yana ji da wannan baiwar. Ni da shi taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Tun muna tsirara ba mu taɓa yin magana ta minti biyu ba tare da zagi da dariya ba. Kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Ko a gidan rasuwa muka haɗu sai ɗaya ya taka ƙafar ɗaya a ɓoye.

Ran Alhamis da hantsi na nemi izini na bi ta Kafin Soli. Na tarar da shi a bakin gona yana loda kara a amalanke. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"A'a, bawana ne da kanshi? An kore ka daga hawan turken wuta?"

"Ubangidanka ne ya zo ba ka aikin da ya fi ƙarfinka," in ji ni.

Na gaya masa saƙon Malam. Fuskarsa ta washe, ya kasa ɓoyewa. Ya daɗe yana son wurin nan. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa masa sauran maganar, a natse, ba wasa. Da na buɗe baki sai na ji kalmomin sun ƙi fitowa a haka. Ban taɓa furta wa kowa cewa mahaifina ya fara ruɗewa ba, ko a ɗakina ni kaɗai. Kuma ba ni da wani baki da nake yi wa mutumin nan magana da shi sai na wasa.

Na ce, "Ka ji, kawun naka ya fara tsufa. Kar ka je kana nuna mana dogon numfashi. Ka riƙa yanka masa ƙanana. In ka ga ya tsaya, ka maimaita masa. Mantuwa yake yi."

Ya ajiye damin kara ya riƙe ƙugu. "Malam ke mantuwa? Malam da ya hardace tun kahin a haihi uwayen wasu? Kai dai hwaɗi gaskiya, tsoro kake kada mutane su ji karatu na sosai su ce kada ka dawo."

"Wallahi da gaske nake."

"Da gaske kake, ga haƙoranka waje?"

Haƙorana kuwa a waje suke. Ya kai mini duka da kara, na goce, muka yi dariya mu biyu, na hau babur. Sai da na yi nisa na ji dariyar ta bushe a bakina. Na rage gudu kamar in juya, na ce a raina ai ya ji, in ya ga abin da idonsa zai gane. Ban juya ba.

Juma'a da safe muka tare a ofis da tabarmi da butoci da fitilun ƙwai. Aikinmu shi ne mu zauna kusa da tarho da rediyon oba-oba, mu sa ido a kan taransifoma da layukan da suka fita daga wurinmu zuwa garuruwa, har da wanda ya nufi Kusada. In wuta ta ɗauke ko na minti ɗaya ne, a kira sama nan take a faɗi lokaci da dalili.

Sai wani abu ya faru wanda ba mu saba gani ba. Tun yammacin Alhamis aka kawo wuta, kuma ta zauna. Wutar da ba ta taɓa yin wuni cur ba, ga ta ta kwana ta wuni, cikakkiya, fanka na juyawa kamar za ta tsinke. Da alama kowane babba a ƙasar yana zaune a bakin aikinsa ranar, ba mai son a ce daga wajensa aka samu matsala. Masu niƙa suka yi ta aiki, mai walda ya leƙo ta katanga yana cewa Allah ya ja zamanin kwamfuta, a riƙa tsorata mu haka duk wata.

Ni zama ya gagare ni. In shiga ofis, in fito, in zagaya taransifoma, in duba agogo, in koma. Na goge babur ɗina sau biyu. Da aka kira la'asar na yi salla ban san me na karanta ba. Ina zaune a kan benci ina lissafin yanzu sun buɗe da addu'a, yanzu ya ja ta farko, yanzu Malam ya ɗauka. Na kama kaina ina kallon gwiwar abokin aikina da ke gyangyaɗi kusa da ni.

Dab da magariba wani direba ɗan garinmu da ke jigila tsakanin Kusada da Kankiya ya tsaya a bakin ƙofa. Inna ta ba shi kunu da ƙosai ya kawo mini. Ban ko karɓa ba na tambaye shi karatu.

"Ai yau mun sha karatu," in ji shi. "Har tasha muna ji, ina loda fasinja ina saurare. Lasihikar nan da 'yan kasuwa suka sawo ma masallaci bara, ka tuna ba ta taɓa aiki ba don ba wuta? Yau ta tashi. Mata ma cikin gida duk sun ji."

Na manta da lasifikar nan sam. An ɗaure ta a kan dogon ƙarfe a saman masallaci, amma da yake la'asar lokacin ɗauke wutarmu ne kusan kullum, ta zama wurin hutun kurciya. Muryar Malam ba ta wuce sahu huɗu ko biyar, kuma na gaba duk tsofaffin ɗalibansa ne masu kawar da kai.

"Lafiya dai aka gama?"

"Lahiya lau. Bai daɗe ba, ka san Juma'a. Ya dai ba da labari guda har sau biyu, muka ce don mu gane da kyau ne."

Na ce ya gaya wa ɗan gwaggona ya riƙa gajartawa. Ya ce to, yana dariya, don duk garin an san tsakaninmu. Na san saƙon ko ya isa, a matsayin tsokana zai isa.

Daren da duniya ke tsoro ba ni da abin faɗa a kansa. Ya zo ya wuce, ƙwan lantarkin ofis bai ko ƙifta ba. Gari ya waye Asabar, rediyo na ta ba da labarin ƙasashe sun shiga sabuwar shekara lafiya, abokan aikina na yi wa juna barka. Na je wurin shugabanmu na ce tunda abin bai faru ba, a sake ni. Ya ce umurni har Litinin ne, kuma motar ba ta zo ba tukuna. In ta zo ta tafi, sai mu gani.

Na wuni a bakin titi. Duk farar mota da ta ɓullo daga wajen Katsina sai in miƙe. Hantsi ya yi, rana ta take, aka yi azahar, shiru. Azumi ya kama ni, maƙogwarona ya bushe, na yi wa wani abokin aikina tsawa a kan buta, abin da bai kai ya kawo ba.

Wajen ƙarfe biyu na samu kaina a bayan ofis, tsaye a ƙarƙashin turken da layin Kusada ya tashi, riƙe da doguwar sandar da muke sauke fiyus da ita. Ban shirya ba, ƙafata ce ta kai ni. Aikin minti ɗaya ne. In saƙala, in ja, Kusada ta yi shiru har magariba, in mayar. Sau nawa na yi haka a rayuwata don an ce a rage kaya a kan layi? Ba adadi, kuma ban taɓa tunanin wa ke niƙa ko wa ke guga a can ba. Amma ranar, in layin ya faɗi dole a kira sama, dole a faɗi dalili, kuma wutar da ta ɗauke ranar farko ta sabuwar shekara ba a garinmu maganar za ta tsaya ba. Za a zo a bincika, a tarar da fiyus lafiyayye, a tambayi wa ya taɓa. Na tuna 'ya'yana huɗu. Na tuna furfurar dattijon can. Na daɗe a tsaye har kafaɗata ta gaji, sannan na jingine sandar a inda na ɗauko ta.

Ana cewa na yi daidai. Ni ma in wani ya ba ni labarin haka zan ce masa. Amma ban taɓa jin daɗin wannan daidai ɗin ba.

Motar ta iso bayan ƙarfe uku. Mutum biyu suka fito, suka ƙirga mu da ido, suka tambaya ko akwai matsala, aka ce babu, suka sa hannu a takarda suka wuce. Ko minti goma ba su yi ba. Ƙurar tayarsu ba ta kwanta ba shugabanmu ya juya mini baya yana gyara labule, ya ce, "Ni dai ban ga fitar kowa ba."

Ban taɓa gudu da babur irin na ranar ba. La'asar ta same ni a hanya, na tsaya na yi ta a gurguje a gindin wata bishiya, na ci gaba. Ina dab da shiga Kusada na tarar da garken shanu na tsallaka titi, Fulani na komawa da su wajen Bauranya. Garke ne babba, kuma saniya ba ta san sauri ba. Na kashe babur dole. Da ƙarar inji ta mutu, sai na ji karatu.

Muryar ɗan gwaggona ce, tar da ita, tana zuwa ta saman gonaki. Ya ɗauko wata aya doguwa yana tafe da ita ba tsayawa, yana lanƙwasa ta, kyau kamar me. Ina zaune a kan babur ina cewa tsaya, tsaya nan, yanka nan, kamar zai ji ni. Sai da ya kai ƙarshe. Na ji kabbarar jama'a.

Malam ya ɗauka. Ya fassara farkon daidai, da muryarsa mai sanyi wadda ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Ya yi gaba kaɗan. Sai ya tsaya.

"Na'am. Na'am."

Shiru. Lasifikar na ɗan gurnani. Ɗan gwaggona ya yi abin da kowane mai jan baki mai ladabi zai yi, ya jira malam ya gama tunani. Shanu na ta wucewa a gabana, makiyayin ya ɗaga mini sanda yana gaisuwa.

Malam ya sake ɗaukowa, amma daga wata sura daban, can baya, wadda muka wuce tun farkon azumi. Ya yi jimla biyu, ya ji ba su haɗu ba, ya tsaya. Na ji wani daga sahun gaba ya ɗan yi gyaran murya yana jefa masa kalma, ya kama ta, ta kai shi wani wurin da ba nan ba. Sannan ya ce, a hankali, irin yadda mutum ke tambaya a cikin ɗakinsa, "Ina muke?"

Sai ya kira sunana.

Ni ne ɗansa na fari. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Shekarata talatin da shida a lokacin, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" ne, ko "wannan," ko ya aiko a ce wa yayan su wane ya zo. Ranar na ji shi sau uku, ta lasifika, duk Kusada na ji tare da ni. Na ukun muryarsa na rawa, kamar ta wanda ya farka a wurin da bai sani ba.

Ban san yadda na ratsa sauran shanun ba. Na yar da babur a ƙofar masallaci ko jingine shi ban yi ba. Mutane sun cika har waje, irin cikar goman ƙarshe, kuma kowa kansa a ƙasa. Suka dare mini hanya ba wanda ya dube ni. Ɗan gwaggona na zaune da makirufo a hannu. Ya matsa ya miƙo mini. Na durƙusa a gefen Malam da kayan aiki a jikina, na taɓa gwiwarsa, na rera masa kalma huɗu daga inda ya tsaya. Ya juyo da fuskarsa wajena, ya ja numfashi, ya kama. Na ƙara masa huɗu. A haka muka lallaɓa har ƙarshen ayar, ya yi addu'a, aka shafa. Ranar ba wanda ya tsaya yin tambaya. Aka zo ana gaishe shi ɗaya bayan ɗaya da wata irin murya mai taushi, irin wadda ake yi wa mara lafiya, kuma na ga yana jin bambancin.

A bakin ƙofa ɗan gwaggona ya riƙo rigata. Idonsa ya kawo ruwa.

"Don mi ba ka hwaɗa mani ba?"

"Na faɗa maka."

"Kana dariya ka hwaɗa."

Tun daga ranar wasan da ke tsakaninmu bai koma yadda yake ba. Muna gaisawa, muna zumunci, 'ya'yanmu ma sun auri juna, amma bai sake ce mini bawansa ba, ni ma bakina bai sake iyawa ba.

Na riƙe hannun Malam muka taho gida. Inna na tsakar gida a gaban murhu, ta ji komai daga nan inda take zaune, ita da matan maƙwabta da suka shigo sauraro. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya ta mayar da kanta ga tukunya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kai shi ɗakinsa na zaunar da shi. Saura kaɗan a sha ruwa. Na juya zan fita ya ce in zauna. Hankalinsa ya dawo sarai, muryarsa ta koma tasa.

"Na ji kaina yau," in ji shi. "Abin nan na saman masallaci shina maido ma mutum maganarshi. Na ji abin da na ce."

Na ce gajiya ce, da azumi, kuma ayar ta yi tsawo.

"Bari wannan. Da ka zo ka ba ni kalma huɗu, na gane hannun. Ba yau ka hwara ba." Ya juyo da idanunsa da ba su gani sosai. "Maimaitawar nan da kake yi, da nake cewa daɗin karatu ke ɗibarka. Tun yaushe?"

Na so in yi ƙarya, ban iya ba. Na ce azumi uku ke nan da wannan.

"Uwarka ta sani?"

"Ta sani."

Ina jiran faɗa, ko godiya, ban san wanne na fi tsoro ba. Ba ko ɗaya da ya zo.

"Da kun hwaɗa mani," in ji shi, "da na sauka da ƙahwata, tun mutane na cewa Malam ya gaji."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Ya ce gobe babban ɗalibinsa ya zauna ya ƙarasa wa mutane azumin, ɗan gwaggona ya ja masa, ni in koma bakin aikina kada a neme ni. Ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya, bai manta komai ba.

"Kahin ka tahi," ya ce, "koma masallaci ka naɗo mani buzuna na zaman karatu. Kada shi kwana can."

Na je na naɗo.